Fitilar da Muka Sa wa Gilashi

Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Birnin Kudu ba. Marka ce irin wadda ba ta zuba da ƙarfi balle ta gama ta ba mutane wuri, yayyafi ne kawai, ya ɗauke ya dawo. Wankin da na shanya tun ranar Litinin har yau da danshinsa, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a cikin roba. Jiya a wurin aiki aka kawo mana wata na'ura mai kama da wayar hannu, wadda ake ajiyewa a ɗakin tiyata ta auna ƙarfin fitilar kashe ƙwayoyin cuta, ta rubuta lamba ɓaro-ɓaro. Abokan aiki suna ta yaba ta. Ni kuwa ina riƙe da ita, ina jin ruwa yana ɗiga a kan kwano, sai hankalina ya koma wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwaram, shekara goma sha wani abu da suka wuce, a daminar da azumi ya faɗo tsakiyar marka.

A lokacin ni ce mai shara da wanki, ni ce mai dafa almakashi da sauran ƙarafan aiki, kuma makullin ɗakin wankin ciwo a bakin zanena yake kwana. Shugabanmu Malam Ɗanlami ne. Ba cikakken likita ba ne, amma duk garin Likita ake ce masa, kuma ban taɓa jin ya gyara wa kowa ba. Mutumin kirki ne, sai dai yana da son a yaba kayan asibitinsa.

Da bazarar shekarar aka turo wani injiniya daga Kano ya kafa mana fitilar a bangon ɗakin wankin ciwo. Dogon ƙwai ne siriri, tsirara, ba murfi ba komai. Da ya gama ya tara mu a bakin ƙofa, ya rufe, ya kunna daga waje. Muka yi layi muna leƙe ta ɗan gilashin da ke jikin ƙofar. Ɗakin da na share da hannuna da safe ya koma shuɗi, wani irin shuɗi mai sanyi da ban taɓa gani ba ko a rini. Gadon, da teburin, da farar rigar Likita da ke rataye a ƙusa, duk suka zama kamar kayan wasu mutane daban.

“Kada wanda ya shiga tana kunne,” in ji injiniyan. “Tana ƙona ido, tana ƙona fata. In za ku duba, ku duba ta gilashin ƙofar nan, zai tare muku. Kuma shuɗin nan da kuke gani ado ne. Mai aikin, ido ba ya ganinsa.”

Malam Ɗanlami ya ce, “To mu ta yaya za mu san ya yi aikin?”

Sai injiniyan ya ciro wani kwali cike da 'yan katuna rawaya, kowanne bai wuce faɗin yatsu uku ba. A gefen kowane kati akwai layin launuka, daga rawaya zuwa ruwan hoda mai duhu. Ya ce a ajiye ɗaya a kan gado, ɗaya a kan tebur, a kunna rabin awa. In tsakiyar katin ya rine ya kai launi na uku, to hasken da ya sauka a wurin ya isa ya kashe abin da ake so ya kashe. In bai kai ba, ɗakin yana nan da dattinsa ko da yana ƙyalli. Ya miƙo mini kwalin, ya ce, “Malama Hajara, katin nan ne idonki.”

Na riƙe aikin nan da zuciya ɗaya, har da ɗan fankama. Kullum bayan azahar in wanke ɗakin da maganin wanke ɗaki, in ajiye katuna, in kulle, a tayar da janareta. In an kashe in buɗe, sai wani wari ya tare ni, kamar na wurin masu walda. Katunan kuwa sun rine sun yi jajir. Har nunawa nake yi wa matan da suka zo awo, ina yi musu bayani kamar ni na ƙera fitilar.

Da ruwa ya sauka sosai sai rufin ɗakin ya fara yoyo, daidai saitin fitilar. Ga zanzaro ya samu wurin gini, kullum sai na kankare taɓo a gindin ƙwan. Ga ƙwari. Injiniya ya riga ya gaya mana ƙwai ɗaya ne, in ya fashe ba a samun irinsa sai a Kano. Na rasa sukuni. Ina da wa, Yaya Isa, sana'arsa haɗa akwatunan gilashi irin na masu tsire da masu sayar da agogo. Na kai masa kukana ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Washegari ya zo da magwajinsa, kwana biyu ya dawo da akwati dogo, katako an shafe shi da koren fenti, gilashi garai-garai ta gaba da ta ƙasa. Ya kafa shi ya rufe ƙwan ruf.

“Sadaka ce,” ya ce. “Wata mai alfarma ya gabato, ni ma in samu rabona.”

Malam Ɗanlami ya zagaya akwatin da ido, ya ce ko asibitin birni sai haka. Aka kunna, shuɗin ya fito tas, har kamar ya fi na da. Aka yi wa Yaya Isa addu'a. Ni na fi kowa ɗaga murya wurin amin.

A wannan makon marka ta kankama. Wanda bai ga daminar ba zai ce ƙari nake yi. Sama ta sauko ta zauna a kan itatuwa, da hantsi sai ka ɗauka magariba ce. Kakar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbuna sun riga sun yi fayau, sabon gero kuwa yana tsaye a gona cikin ruwa bai ko fitar da kai sosai ba. Muka ɗauki azumi da cikin da dama can ba a cike yake ba. Da la'asar mata su fita da kwando cikin yayyafi su tsinko tafasa da rama, a dafa a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli don a ce an sa. Kunun buɗa-baki tsararo ne, kana ganin gindin ludayi. Itace ya jiƙe, sai hayaƙi, kowace mace idonta ja kamar ta yi kuka. Katangun ƙasa suna zubewa da rana tsaka, ka ji rugum daga wata unguwa, kowa ya yi shiru yana jiran a yi salati ko kar a yi.

Sannan rafi ya cika ya cinye kwalbatin da ke kan hanyarmu. Mota ta daina zuwa. Maganin wanke ɗaki ya ƙare, sabulu ya koma sai a yanka ƙanana. Na koma goge gado da ruwan zafi da toka. Malam Ɗanlami ya ce, “Alhamdu lillahi da muke da fitila.” Gari duka ya ɗauki maganar. Masu injin niƙa suka riƙa tsiyayo mana mai daga nasu, 'yan acaɓa daga Basirka su ajiye babur a tsallake su ɗauko jarka a ka, ruwa har ƙirji, da azumi a bakinsu. Duk don a samu rabin awar nan ta bayan azahar. Firjin allura ma sai ya jira fitila ta gama.

Katunan kuwa tuni suka daina rinewa. Ranar farko na ce ko mantawa na yi na kife su. Rana ta biyu na sa sababbi, na buɗe na same su rawaya kamar yadda na ajiye su. Na taɓa kwalin na ji ya yi laushi da danshi, kamar komai na garin. Malam Ɗanlami ya hau kan tudun bayan asibiti inda waya take ɗan kamawa, ya kira injiniyan, ina tsaye a gefensa da buhu a ka.

“Fitilar tana kamawa?” muka ji muryar injiniyan tana yankewa.

“Tana kamawa, shuɗi sosai.”

“Kuna goge ta?”

“Kullum ta Allah.”

“To wataƙila danshi ne ya lalata katunan. In hanya ta buɗe zan zo da wasu.”

Babu wanda ya ambaci akwatin. Ba ɓoyewa muka yi ba, wallahi. A wurinmu kamar a tambayi lafiyar mutum ne ka tsaya bayanin hularsa.

Ran shida ga azumi aka kawo Baba Habu daga Fagam, a kan amalanken shanu. Dattijo ne dogo mai yawan barkwanci. Ana gayyar huɗa a gonar maƙwabcinsa garma ta zame a taɓo ta sare shi a ƙwauri. Saran ya yi zurfi amma mai tsabta ne, irin wanda muka saba ɗinkewa mutum ya koma gona kafin sati uku. Likita ya wanke ya ɗinke, ya ce ya zauna a wurinmu saboda hanya, kullum da safe a wanke masa a ɗakin nan.

“'Yar nan, ki kula mini da ita,” ya ce da ni ranar farko, yana shafa gwiwarsa. “Biyu gare ni, kuma duk ina so. Gero na jirana, ba ni da ɗa namiji a gida.”

Na ce, “Baba, ai ka zo gidan gyara. Ɗakin nan ko ƙuda ya shiga sai ya yi wanka.”

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Na sha tuna wannan dariyar.

Daga nan ɗakin ya fara ba ni tsoro, kuma ban san dalili ba. Warin walda ya ɓace, har na yi murna da farko. Abin da ya maye gurbinsa warin ƙasa ne mai sanyi, irin na rami da aka haƙa aka bari. Wata rana ina leƙe ta gilashin ƙofa, hadari ya rufe gari, babu wani haske a asibitin sai shuɗin nan, sai na ga tsaka a bango, daidai ƙarƙashin fitilar. A da ko ƙwaro ya kwana a ɗakin gawarsa nake sharewa. Wannan kuwa tana zaune abinta cikin hasken, maƙogwaronta yana motsi, ta juyo da kai tana kallon ƙofa. Rabin awa cur ba ta gusa ba. A kusurwar gado kuma fumfuna ta fito baƙa, in kankare yau, gobe in same ta ta ƙara faɗi, ta miƙo 'yan rassa wajen katifa.

Masu jinya suka fara magana ƙasa-ƙasa. In an tayar da janareta sai mata su juya wa ƙofar baya, su ja mayafi. Wata tsohuwa ta rantse ta ga rigar Likita ta ɗaga hannu. Na yi mata tsiya, na ce yunwar azumi ce, Inna, ki jira a sha ruwa ki sake dubawa. Amma ni kaina na daina leƙawa ni kaɗai. Akwai abin da ke tayar da tsigar jiki a ɗakin da ba kowa, an kulle, an haska gado fayau kamar ana jiran wani ya zo ya kwanta.

Ciwon Baba Habu ya ƙi kamewa. Kwana biyar bakin ɗinkin ya yi ja, kwana bakwai ya fara ruwa. Wata mai jego da aka yi wa ɗinki a ɗakin ita ma ta yi zazzaɓi, da wani makiyayi da ƙaho ya yaga wa hannu, amma su Allah ya taimake su da sauran allurar da ta rage. Kafin a zo kan Baba kwalaben sun kusa ƙarewa. Duk da haka ya ƙi ajiye azumi sai da Likita ya haɗa shi da liman. Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, launinta ya sauya, warin ya kai in na kwance bandejin sai na riƙe numfashi, ina jin kunyar kada ya lura.

Ya lura. Wata safiya yana kwance yana kallon akwatin nan mai koren fenti, ya ce, “Hajara, fitilar taku kuwa tana ganina?”

Na ce, “Tana ganinka, Baba. Jiya ma sai da aka ƙara mata minti goma saboda kai.”

“To madalla. Allah ya saka wa masu ɗauko mai.”

Katunan suna aljihuna a lokacin, rawaya. Ban daina ajiye su ba ko rana ɗaya, kuma ban daina cewa danshi ne ba. Zuciyata ta sha ɗarsa mini cewa ranar da aka kafa akwati ranar suka daina rinewa, sai in ce ai ranar ce kuma marka ta fara. Na zaɓi wanda ya fi mini daɗi. Akwatin nawa ne, na yayana ne, an yi masa addu'a a gaban jama'a.

Ran ashirin ga wata ruwan rafi ya ɗan ja baya. Maza takwas suka ɗora Baba Habu a kan ƙyauren ƙofa, suka ɗaga shi sama da kawunansu suka tsallaka da shi, aka samu mota a can ta wuce da shi babban asibiti a Birnin Kudu. Ina tsaye a bakin ruwa har suka haye. Bai yi barkwanci ba ranar, idonsa a rufe, yayyafi yana sauka a fuskarsa.

Da na dawo na shiga gyaran ɗakin, sai na ga gilashin akwatin ya yi gumi ta ciki. Na hau kujera, na kwance 'yan ƙusoshin, na buɗe. Katin da ke hannuna ya hana ni riƙe tsumma, sai na ajiye shi a cikin akwatin, a gefen ƙwan. Na goge, na mayar, na sauko, na manta da shi. Na ajiye wasu biyu a kan gado da tebur kamar kullum, aka tayar da janareta.

Bayan rabin awa na buɗe. Na kan gado rawaya, na kan tebur rawaya. Na ɗaga kai haka kawai, sai na ga wani abu ja yana kallona ta cikin gilashi. Na sake hawa kujerar. Katin da na manta ya rine ya wuce launi na ƙarshe, har ya yi duhu. Daga kwali ɗaya suka fito, danshi ɗaya suka sha. Sai a lokacin na lura koren fentin cikin akwatin ya koɗe ya yi fari fat, na waje kuwa yana nan sabo. Da na ɗaga murfin, warin walda ya bugi hancina. Duk man da aka tsallako da shi a ka, duk rabin awar nan ta kwana ashirin da wani abu, a cikin akwatin Yaya Isa suka ƙare.

Na juya na kalli ɗan gilashin ƙofa. Wata huɗu ina tsayawa a bayansa, na san sarai shi yake tare mini hasken, da kunnena na ji an faɗa. Na zauna a ƙasan ɗakin, a kan siminti mai sanyi, na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifiyata ta rasu.

Malam Ɗanlami da ya ga katunan uku a tafin hannuna, sai ya ɗauko sukundireba ya cire akwatin da kansa. Washegari katin kan gado ya rine. Daga baya ya ce mini kada in ɗora wa kaina, saran garma a taɓo yana iya ruɓewa ko a ina, babu wanda zai rantse daga ɗakin ne. Gaskiya ya faɗa, babu mai rantsewa. Yaya Isa kuwa ce masa na yi injiniya ne ya hana, ya ɗan ji haushi, ya ba wata mai awara akwatin. Ana jajibirin salla labari ya iso cewa an yanke wa Baba Habu ƙafa daga ƙasan gwiwa.

Sai da kaka ta yi na iya zuwa Fagam. Rana ta fito, ko'ina dammunan gero a jingine, gari yana ƙamshin sabon hatsi. Maƙwabta sun yi masa gayya sun girbe gonar. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, yana tsinkar gyaɗa, aikin da a da ko kallonsa ba zai yi ba. Ya rame. Ƙafar wandon an naɗe ta an ɗaure da igiya.

“A'a, 'yar nan! Ke ce da rana haka? Ku kawo mata ruwa.”

Na durƙusa na gaishe shi. Ban sha ruwan ba, don na san in na sha ba zan faɗa ba. Na gaya masa komai, da yoyon, da akwatin, da katunan da na riƙa sawa a aljihu ina ce masa fitila tana ganinsa. Na ce, “Baba, ni ce. Ka ba ni amanarta, ban riƙe ba. Ka yafe mini, ko kar ka yafe, duk wanda ka yi daidai ne.”

Hannunsa ya tsaya a kan reshen gyaɗa. Ina jin kaji suna tono a bayan danga.

Can ya ce, “Kin san wani abu? Ƙafar tana nan. Sun ce sun binne ta a Birnin Kudu, amma tana nan. Yanzu haka ƙaiƙayi take mini, daidai wurin saran. Mutanen gidan nan in na faɗa sai su ce in yi ta'awwuzi.” Ya ɗago ya dube ni, babu fushi a idonsa, babu dariya. “Ke kika san wurin. Sosa mini.”

Na matsa. Na kai hannu inda ƙwaurinsa ya kamata ya kasance, taƙi ɗaya ƙasa da ɗaurin wandon. Babu komai sai tabarma da ɓawon gyaɗa. Na sa farce na fara sosawa a hankali, hawaye yana zuba a bayan hannuna.

Baba Habu ya lumshe ido, ya jingina da bango, ya sauke ajiyar zuciya.

“Ƙasa kaɗan,” ya ce.